Tafiyar ƙarshen kaka zuwa arewacin Sikotland a motar da na mayar ɗakin kwana: ina neman shawara

Baban Amira, Manchester:
Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da yayye da ƙanne na wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Waɗansunku sun san cewa shekara ɗaya da rabi ke nan ina aiki a kan wata motar ɗaukar kaya, Ford Transit doguwa mai dogon rufi ƙirar 2014, wadda na saya da niyyar mayar da ita ɗakin kwana. Alhamdu lillahi, aikin ya kammala a watan jiya. Da hannuna na yanka tagogi biyu a gefe da ɗaya a rufi, na cusa abin tare sanyi tsakanin ƙarfe da katako, na kafa gado a can baya, na yi ɗan kicin da kwabar kaya, na saka batirin litiyom mai ƙarfin 100Ah da farantin sola mai wat 200, sannan na ɗaura hitar dizal a ƙarƙashin benci. Abin da na kai wa bakanike shi ne haɗa bututun hitar da tankin mai kawai.

Hutun da na samu a wurin aiki ya faɗo a tsakiyar Nuwamba, kwana takwas cif, kuma ni da mai ɗakina mun ƙudurta zagaya hanyar nan da ake kira North Coast 500, wadda ta tashi daga Inverness ta bi gaɓar teku ta dawo Inverness, mil 516. Yara za su zauna wajen goggonsu saboda makaranta. Lissafina shi ne kwana ɗaya na zuwa, shida na zagaye, ɗaya na dawowa. Dare biyu kaɗai muka taɓa kwana a motar, a Cumbria, a ƙarshen Satumba. Ina roƙon wanda ya san hanyar ko ya san aikin ya gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Alhaji Tsohon Direba, Glasgow:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa aikin hannunka albarka. Tun da gaskiya ka nema, shawarata ita ce ka ajiye wannan tafiya sai watan Mayu. Na yi shekaru ina jan tirela tsakanin Kano da Legas, na zo nan na ƙara wasu ina kai kaya har Inverness da Thurso, kuma abin da hanya ta koya mini shi ne direba ya fara lissafa hasken rana kafin ya lissafa mil. A tsakiyar Nuwamba rana tana fitowa a Inverness wajen ƙarfe takwas na safe, ta faɗi wajen huɗu na yamma. Awa takwas ke nan, idan hadari bai cinye biyu daga ciki ba. A cikinsu za ka karya, ka kimtsa mota, ka yi salloli, ka nemi ruwa da mai, ka tsaya kallon abin da ya kawo ka, sannan ka tuƙa mil 86 kowace rana, a kan hanyoyin da a yammaci da arewa da yawansu faɗin mota ɗaya ne.

Kaka a wurinmu lokacin girbi ne, sama tas, rumbu cike. Kakar can kuwa ruwa ce da iska da duhu, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da dusar ƙanƙara a Drumochter, a kan hanyar A9, tun kafin ka ga Inverness. Ga jajayen barewa masu manyan ƙahoni da ke sauko wa titi da almuru. Ba kai kaɗai ba ne a motar, kana ɗauke da 'yar mutane.

Ɗan Damagaram, Edinburgh:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa game da haske haka yake, amma ina neman izini in saɓa maka a kan jinkirtawa. Na bi hanyar sau biyu, sau ɗaya a Yuli, sau ɗaya a farkon Nuwamba, kuma ta biyun ce nake tunawa. Tun da aka ƙaddamar da hanyar da wannan suna a 2015 masu yawon buɗe ido suka yi mata yawa, ta yadda a watannin zafi za ka bi jerin motocin kwana kamar ayari, wurin tsayawa sai da rabo, mutanen ƙauyukan kuma ransu a ɓace. Ga ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke hana mutum buɗe ƙofa da yamma, waɗanda sanyin farko ke kawar da su. A Nuwamba duwatsun sun koma ja da ruwan ƙasa, kawunansu fari, kuma sai ka yi rabin awa ba ka gamu da mota ba.

Yaya Baban Amira, abin da zan ce shi ne ka tafi, amma ka cire wa ranka cewa dole sai ka cika mil 516. Kuma ka manta da hawan Bealach na Bà na zuwa Applecross. Tsayinsa mita 626 ne, yana da kwanoni masu tsanani, akwai allo a gindinsa da ke gargaɗin manyan motoci da sababbin direbobi, kuma cikin sanyi ƙanƙara tana iya rufe shi. Haka ma hanyar B869 ta Drumbeg, ba ta doguwar mota ba ce a wannan lokaci. Sannan ka buga waya tun yanzu, domin yawancin sansanonin kwana suna rufewa a ƙarshen Oktoba.

Abban Khalifa, Kano:
Ku yi mini afuwa, tambaya ce ta neman sani. Mutum yana da gida mai ɗumi, kuma kuɗin da ya zuba a motar nan zai biya masa otal na makonni. Mene ne amfanin kwana a mota a cikin irin wannan sanyi, har da iyali?

Baban Amira, Manchester:
Yaya, tambayarka tana kan hanya. Aikina na cikin gini ne, ina shiga da duhu ina fita da duhu rabin shekara, kuma tun da muka zo ƙasar nan abin da muka sani a cikinta bai wuce gida da wurin aiki da masallaci da kasuwa ba. Ina so mai ɗakina ta buɗe ƙofa da safe ta ga teku da dutse ba tare da wani ya ce lokacin barin ɗaki ya yi ba. A motar muna dafa abincinmu na halal, muna da wurin salla, muna da sutura. Akwai kuma abin da ba zan ɓoye ba: abu ne da na ƙera da hannuna, ina so in ga ya yi aikin da na yi shi dominsa.

Injiniya, Aberdeen:
Malam Baban Amira, sannu da ƙoƙari. Ni ba zan shiga batun a tafi ko a fasa ba, zan tsaya a kan motar, domin da rana kowace mota lafiyayya ce, cikin dare ne ake sanin ingancin aiki, kuma darenka zai kai awa goma sha shida.

Da farko ka cire sola daga lissafi. A tsakiyar Nuwamba, da tsakar rana, tsayin rana a sararin Inverness bai wuce digiri 14 ba, alhali a Kano a ranar tana kusan digiri 60. Farantin da ke kwance a kan rufi ba zai samu abin kirki ba, balle an yi hadari. Abin da zai cika maka batir shi ne cajar da ke jan wuta daga injin mota yayin tafiya, wadda ake kira DC-DC, ko kuma jona wuta a sansani. Idan ba ka da ko ɗaya, to hitarka ba ta da tabbas, domin ko da yake dizal take sha, fankarta da famfonta wuta suke ci, kuma a mintunan tashi tana jan amp takwas zuwa goma. Ka kuma bincika ko batirinka yana da kariyar da ke hana caji idan sanyi ya kai digiri sifili, domin yi wa litiyom caji a ƙasa da haka yana lalata shi, lalacewar da ba ta gyaruwa.

Na biyu, wace irin iskar gas kake girki da ita? Biyuten, wadda aka fi sayarwa a shuɗiyar tukunya da ƙananan gwangwanaye, tana daina tashi idan sanyi ya kusa digiri sifili, sai ka girgiza ka ji ruwa a ciki amma murhu ya ƙi kamawa. Furofen, ta jar tukunya, tana aiki har ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili. Ka koma ita, ka canza regileta, ka ajiye tukunyar a akwati rufaffe mai huda a ƙasa, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya.

Na uku, iska. Ina Aberdeen a daren 26 ga Nuwamba 2021 lokacin da guguwar Arwen ta zo, wadda hukumar hasashen yanayi ta Met Office ta ba da jan gargaɗi, wato mafi tsanani, a kanta. Itatuwa sun zube a kan hanyoyi, wasu ƙauyuka sun yi kwanaki babu wuta. Mota mai dogon rufi kamar taka bango ce a gaban iska. Duk ranar da ka ga gargaɗin iska, ko da na rawaya ne, wato mafi sauƙi, ka nemi mafaka ka juya hancin motar ya fuskanci inda take kaɗowa.

Maman Sadik, Leeds:
Ƙanina, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya hana ni wucewa ban yi magana ba shi ne ban ga ka ambaci ƙararrawar gano iskar kabon monoksayid ba. Dukanmu mun san labarin iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida, ko suka shigar da kaskon gawayi ɗaki da hunturu suka toshe ƙofa, aka wayi gari babu wanda ya tashi. Iskar ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Motarka ta fi kowane ɗaki ƙanƙanta, ga hita ga murhu. Ka sayi ƙararrawa irin wadda aka amince da ita don motocin kwana da jiragen ruwa, ka gwada ta a gaban Maman Amira, ka duba cewa salansar hitar ta fito waje sosai kuma ba a ƙarƙashin taga take ba. Kada sanyi ya sa ku kunna murhun girki don ɗumama ɗaki, ko na minti goma ne.

Sai batun danshi, wanda Injiniya bai taɓo ba. Numfashin mutum biyu a dare guda, da tururin girki, da rigunan da ruwa ya jiƙa, duk a cikin motar za su tsaya, kuma duk inda suka tarar da ƙarfe mai sanyi za su koma ruwa. Gas ɗin kansa idan ya ƙone ruwa yake fitarwa. Maganin yana da wuyar karɓa ga mai jin sanyi: a bar tagar rufi a ɗan buɗe dukan dare, hita tana aiki a hankali.

Kuma ina tambaya a madadin 'yar'uwata: yaya batun bayan gida? Namiji yana iya raina wannan, mace ba za ta iya ba, musamman da yake wasu banɗakunan gwamnati a ƙauyukan can ba sa buɗewa cikin sanyi.

Baban Amira, Manchester:
Anti, Allah ya saka da alheri. Ƙararrawar hayaƙi kawai nake da ita, na ɗauka ta wadatar. Yau zan sayi ɗayar. Akwai masai na tafi-da-gidanka a cikin kwaba, da labule. Injiniya, cajar DC-DC tana nan, amma gas ɗina biyuten ne, zan canza. Batirin yana ƙarƙashin gado, kuma takardarsa ta nuna yana da kariyar sanyi.

Maman Sadik, Leeds:
Madalla. To ka tabbata cewa a wurin da aka tanada kaɗai za ka zubar da abin da ke cikin masan, ba a rafi ko bakin hanya ko masan gwamnati ba. Wannan yana cikin manyan abubuwan da suka haɗa mazauna yankin da masu motocin kwana. Ka kuma sani cewa dokar Sikotland ta 2003 da ta ba mutane damar yawo da kafa tanti a daji ba ta haɗa da mota ba, don haka ba ko'ina ne hakkinka ka tsaya ka kwana ba.

Alhaji Tsohon Direba, Glasgow:
Na ga zaure ya karkata ga tafiya, kuma har yanzu ban sauya ra'ayi ba. Amma tun da za ka je, ga abin da uba zai gaya wa ɗansa. Ka cika motar da duk kayan tafiya, da ruwa da mai, ku shiga ku biyu, ka kai ta sikelin manyan motoci. Lasin ɗinka na ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, motar ma tana da nata iyaka a rubuce a jikinta, kuma katako da batir da ruwa suna cin nauyi fiye da yadda ido ke gani. Kowace litar ruwa kilo guda ce. Ka sanar da kamfanin inshora duk canjin da ka yi, domin in ba haka ba ranar da ka neme su za su juya maka baya. Idan takardarta har yanzu ta motar kaya ce, mafi aminci ka riƙe gudun motar kaya: mil 50 a hanya mai hannu biyu marar shinge, 60 a tagwayen hanya. Tsakanin Perth da Inverness akwai kyamarorin da ke auna matsakaicin gudu. Motarka ta 2014 ba za ta cika sharaɗin Euro 6 na tsaftar hayaƙin mota ba, saboda haka kada ka shiga tsakiyar Glasgow, Edinburgh, Dundee ko Aberdeen. Tarar farko fam 60 ce, kuma tana ninkawa.

A kan siririyar hanya akwai 'yan wuraren kaucewa. Wanda ke hagunka ka shiga, wanda ke damanka ka tsaya daidai da shi ba tare da ka tsallaka ba. Idan mota ta biyo ka a baya ka kauce ta wuce, wataƙila likita ce ko mai kai yara makaranta. Ba a ajiye mota a wurin, ba a kwana. Kuma ka koyi ribas da madubi tun a gida.

Malam, Birmingham:
Allah ya saka wa kowa. Zan ƙara da abin da ya shafi ibada, tun da gajartar yini za ta matse lokutan salla: Azahar wajen sha biyu, La'asar kafin ƙarfe biyu, Magariba wajen huɗu. A mazhabar Malikiyya ana yin kasaru a tafiyar halal da ta kai mil 48, kuma hukuncin matafiyi yana yankewa idan mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Wasu malamanmu sun karhanta kasaru a tafiyar da wasa ne zalla, amma fita da iyali don hutawa da duban halittar Ubangiji ban ga ta shiga wannan ba, ga shi Alƙur'ani ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa da lura. Ya halatta ku haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, idan tafiya ta buƙaci haka.

Sanyin ruwa kaɗai ba ya halatta taimama ga wanda yake da murhu da butar shayi. Ku ɗumama ruwa da dare ku zuba a fulas don alwalar Asuba. Wanda yake da huffi na fata, ya sa shi bayan cikakkiyar alwala, yana iya shafa a kansa. Sannan mu Hausawa mun saba cewa mai salla ya fuskanci gabas, har kalmar ta zame mana sunan alƙibla. A can alƙibla kudu maso gabas take. Ka riƙe kamfas na hannu, domin akwai wuraren da waya ba ta da sabis. Akwai masallaci a Inverness, idan Juma'a ta riske ku a kusa.

Ɗan Damagaram, Edinburgh:
Yaya, ga hanyar da nake ganin za ta sasanta ni da Baba Alhaji. Daga Inverness ka bi A9 kaɗan, sannan ka hau A835 kai tsaye zuwa Ullapool, ƙasa da mil 60 a kan titi mai kyau. Daga nan ka haura Lochinver, ka tsallaka gadar Kylesku, ka isa Durness, ka zagaya Loch Eriboll zuwa Tongue, sannan ka gangaro ta A836 zuwa Lairg ka koma Inverness. Wajen rabin zagayen ke nan, kuma shi ne ɓangaren da ya fi kyau. Sai dai hanyar Lairg ta bi ta Altnaharra, inda aka auna sanyin digiri 27.2 ƙasa da sifili a Disamban 1995, don haka ka duba hasashe kafin ka shige ta.

Baban Amira, Manchester:
Na karɓa. Na auna motar, ta rage kilo 180 ta kai iyakarta, na sauke wasu kaya. Na samu sansanoni biyu da suke buɗe, na kama wuri. Za mu tashi ranar Asabar bayan Asuba in Allah ya yarda. A sa mu a addu'a.

Baban Amira, Manchester:
Assalamu alaikum. Mun dawo daren jiya lafiya, kuma hakkinku ne ku ji yadda ta kaya. Mun bi hanyar Ɗan Damagaram, kuma ko ita da ƙyar kwana shida suka ishe ta, domin yini guda cur muka yi a Ullapool ba mu motsa ba saboda gargaɗin iska. Motar tana tsaye a bayan wani gini tana jijjiga kamar ana tura ta, muna jin kofuna suna kaɗawa a kwaba. Da na kafe a kan mil 516, da a ranar ina kan hanya.

Kuskuren farko nawa ne. A daren farko sanyi ya dami mai ɗakina, sai na rufe tagar rufi duk da gargaɗin Anti. Da Asuba ɗigon ruwa ne ya tashe ni, yana sauka a goshina daga ƙarfen saman ƙofar baya, wurin da ban rufe da komai ba. Gilashin gaba yana zubar da ruwa har kan sitiyari, kuma da muka ɗaga katifa muka tarar ƙasanta ya jiƙe, katakon gado ya yi duhu. Awa biyu muka yi muna shanya ta a gaban hita. Daga ranar tagar ba ta sake rufuwa ba, ruwan kuma ya ragu ƙwarai.

Baba Alhaji, maganarka ta barewa ta tabbata. A gefen Loch Assynt, bayan mun wuce kangon fadar Ardvreck, ƙarfe huɗu saura, wani namiji ya tsaya a tsakiyar titi, tururi yana fita daga hancinsa, mata uku suna biye. Da gudu nake da ba wannan labarin nake ba ku ba. Washegari kafin Durness na gamu da manomi yana jan tirelar tumaki, wurin kaucewa yana bayana, na yi ribas mai nisa da madubi, da ya zo wucewa ya ɗaga mini hannu.

Abin da ya tsorata ni ya faru ne kusa da Tongue. Wajen ƙarfe uku na dare hita ta yi ta ƙoƙarin tashi ta mutu, batir kuwa yana da wuta. Kafin gari ya waye ma'aunin cikin mota ya sauka zuwa digiri 3, ciyawar waje ta yi fari fat. Muka haɗa barguna duka, jar tukunya ta kama nan take muka dafa shayi da taga a buɗe. Da na sha mai da safe na kunna ta sau uku, sai ta tashi, ba ta sake mutuwa ba. Har yanzu ban gane dalili ba.

Maman Amira, Manchester:
Ina gaida iyaye da 'yan'uwa, da wayar maigida nake rubutu. Anti Maman Sadik, na gode da kika tambayi abin da ni na ji nauyin tambaya. Ga matan da za su yi irin wannan tafiya: na dafa miya kala uku a gida na daskarar da su, na yi dambun nama da garin kunu, don haka girkin mota bai wuce ɗumame ba, tururi bai yi yawa ba. Kifi kuma mun saya sabo a Lochinver. Wahalar da na fi ji ita ce tsawon dare, daga huɗu na yamma mutum yana cikin ɗan akwati. Amma safiyar da muka yi a Durness, da na zuge ƙofa na ga farin yashi da teku kore shar babu kowa a bakinsa sai tumaki, na zauna a dokin ƙofa da kofin kunu har ya huce a hannuna ban sha ba. Na gaya wa maigida ina so yara su ga wurin.

Alhaji Tsohon Direba, Glasgow:
Alhamdu lillahi da kuka dawo lafiya. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Daren Tongue shi ne abin da nake gudu tun farko, kuma da a Altnaharra ya same ku da labarin ya fi haka tsanani. Idan za ku kai jikokina, ku bari sai hutun ƙarshen Mayu, kuma sai an kafa musu kujeru na gaskiya masu bel, ba benci ba.

Injiniya, Aberdeen:
Malam Baban Amira, nawa ne ya rage a tankinka a daren? Ina kyautata zaton bai kai kwata ba. Masu haɗa hita da tankin mota da gangan suke yanke bututun kada ya kai ƙasa, don kada hita ta shanye man ta bar ka a daji. Da mai ya sauka ƙasa da bakin bututun sai ta ja iska, shi ya sa sai da ka kunna ta sau uku kafin dizal ya sake cika layin. Ka tambayi bakaniken inda ya tsayar da shi. Ka kuma cire katako ɗaya na bango kusa da ƙofar baya ka taɓa abin tare sanyin da ke ciki, ka gaya mana ko a bushe yake.

Baban Amira, Manchester:
Allurar tana ƙasa da kwata kaɗan, Injiniya, na tuna domin na yi niyyar shan mai a Durness na ce sai gobe. Katakon kuma na cire shi ɗazu bayan La'asar: daga sama a bushe yake, amma tafin hannu guda daga ƙasa a jiƙe yake, kuma akwai ɗan tsatsa a bakin wata ƙusa. Shin in cire bangon gefen duka in bar shi ya sha iska, ko akwai hanyar busar da shi ba tare da na warware gadon ba?